Wannan Fayil Na Wane Ne?

Hausawa sun ce suna linzami ne. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a tsakiyar kasuwar Dambatta ko ta Bichi ya ɗaga murya ya ce "Sani!" ya san linzami ɗaya yakan juyo da dawaki goma. Haka nan kuma mutum ɗaya yakan tashi da suna uku ko huɗu. Wanda aka raɗa wa Abubakar ran suna, a gida Garba ne, abokan wasansa su ce Habu, uwarsa kuwa in shi ne ɗan fari ba ta kama sunan ko kusa saboda kunya, sa'an nan ya zo makaranta a liƙa masa sunan garinsu a baya. A'ishatu ita ce Indo, Usman shi ne Shehu, Fatima ita ce Binta. Mu duk wannan bai cika ruɗa mu ba, domin mun san gida, mun san uba, mun san kaka.

To, kwamfuta ba ta san gida ba, ba ta san uba ba, balle kaka. Maƙasudin wannan rubutu shi ne in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda take gane mai kaya, da irin rikicin da ke tashi in kwamfutoci biyu masu tsari dabam-dabam suka yi tarayya a kan kaya ɗaya, da kuma dabarun da masana suka ƙago don raba gardamar. Kada wani ya ce wannan zancen mutanen birni ne. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ake yinta, makarantu suna ta buɗe ɗakunan kwamfuta, kuma a irin waɗannan ɗakuna ɗalibi hamsin sukan yi karo-karo a kan na'ura goma. Inda duk aka yi tarayya kuwa, tambayar "na wane ne?" ba ta da nisa.

Da farko dai sai mu san kalmomi huɗu. Fayil shi ne duk wani abu guda da aka ajiye a kwamfuta, ko wasiƙa ce, ko hoto, ko sakamakon jarrabawa. Folda ita ce jakar da ake tara fayiloli a ciki. Asusu shi ne sunan da mutum yake shiga kwamfuta da shi tare da kalmarsa ta sirri. Ta huɗu ita ce babbar manhaja, wadda za mu iya ce mata uwargidan kwamfuta, domin makullai duka a hannunta suke, ita ke cewa wane ya shiga nan, wane kada ya taɓa can. Manyan uwayen gidan da aka fi sani uku ne: Windows ta kamfanin Microsoft, da macOS ta kamfanin Apple, da Linux, wadda wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Linux da macOS tafarkin Unix suka bi, tsohuwar manhajar da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1969. Windows kuwa gidanta dabam, al'adunta dabam. Wanda ke riƙe da wayar Android ma, Linux ce a ƙarƙashinta ko bai sani ba.

Yanzu ga babban sirrin, wanda in aka fahimce shi sauran duk mai sauƙi ne. In ka duba fayil a kan allo ka ga an rubuta mai shi "garba", kada ka ɗauka wannan suna yana jikin fayil ɗin. Abin da ke jikinsa lamba ce kawai. Misalinsa kamar buhunan hatsi ne da ake lodawa a mota daga ƙauye zuwa kasuwar Dawanau: kowane buhu da alamarsa, yaron mota bai san mai shi ba, alama kawai yake dubawa. Wanda ya san alama kaza ta wane ce, shi ne wanda ya karɓi kaya ya rubuta a littafi. In littafin ya ɓace, ko kuwa aka kai buhun inda ake aiki da wani littafi dabam, alamar tana nan daram amma ba ta nuna kowa, ko ma ta nuna wani can.

A Linux wannan littafi wani ɗan fayil ne da ake kira passwd, kowane layi mutum ɗaya, ga sunansa ga lambarsa. Lamba 0 ta shugaba ce, wanda ake kira root, watau saiwa, shi kuwa babu ƙofar da ke rufe gare shi. Lambobin da ke biye an keɓe su don ayyukan manhajar kanta. Mutum na farko da aka buɗe wa asusu a irin su Ubuntu da Debian lamba 1000 ake ba shi, na biyu 1001, haka har ƙarshe. A kwamfutar Apple kuwa mutum na farko 501 yake samu. Ka ga tun ba a je ko'ina ba, 'yan kaka ɗaya ma ƙidayarsu ta sha bamban.

Ba lambar mai shi kaɗai ke jikin fayil ba, akwai lambar ƙungiya. A nan ne nake ganin ɗan ƙauye ya fi ɗan birni saurin ganewa, domin tsarin ba baƙo ba ne gare mu. Kowa ya san gandu, gonar gida wadda uba da 'ya'yansa suke nomawa tare, amfaninta ya shiga rumbun gida. Kowa ya san gayauna, 'yar gonar da ɗa ke nomawa don kansa bayan an tashi daga gandu, abin da ta bayar nasa ne. Sa'an nan akwai mai wucewa ta burtali, wanda yana ganin dawa ta yi kyau amma ba shi da ikon karya ko kara ɗaya. To, haka Linux ta raba mutane uku a kan kowane fayil: mai shi, da 'yan ƙungiyarsa, da sauran jama'a. Foldar ɗalibi ta kansa gayauna ce. Foldar da 'yan aji suke aikin haɗin gwiwa a ciki gandu ce.

Kowane ɗaya daga cikin ukun nan ana iya ba shi izini iri uku, kuma kowane izini da nauyinsa. Karantawa 4 ce, rubutawa 2, zartarwa 1. In a kan folda ne, wannan 1 ɗin ita ce izinin shiga ciki. Sai a tara. Wanda aka ba 6 yana karantawa yana rubutawa, wanda aka ba 4 karatu kawai, mai 7 an sakar masa komai, mai 0 sai kallo daga nesa. Saboda haka in aka ce fayil yana kan 640, ma'ana mai shi ya karanta ya gyara, 'yan ƙungiya su karanta kawai, sauran jama'a ko leƙe ba su yi. Kuma a lura, izini dabam, mallaka dabam. Wanda aka ba aron gona yana shuka yana girbi, amma ba ya sayar da ita, ba ya jinginar da ita. Abin mamaki ma, a Linux mai fayil kansa ba ya iya ɗauke sunansa ya sa na wani. Wannan aikin shugaba ne kaɗai, kamar yadda cinikin gona ba ya ƙulluwa a ɓoye sai da sanin mai unguwa da shaidu.

Windows ita ma da lamba take aiki, sai dai lambarta doguwa ce ƙwarai, ana ce mata SID. Ta mutane takan fara da S-1-5-21, sa'an nan dogayen lambobi uku su biyo, waɗanda ke nuna kwamfutar ko hukumar da ta buɗe asusun, sai 'yar lamba ta ƙarshe wadda ke nuna mutumin. Watau kamar a ce sunan gari, da na unguwa, da na gida, sa'an nan na yaro. Shugaba a Windows ƙarshen lambarsa 500 ne, baƙo 501, asusun mutane kuwa daga 1000 zuwa sama. Wani hali nata mai kyau shi ne ba ta maimaita lamba. In aka share asusun Garba yau, gobe aka buɗe sabo da wannan suna da wannan kalmar sirri, Windows ba za ta yarda shi ne na jiya ba. Takwara ne kawai, kuma takwara ba ya cin gado. Game da izini kuma, tun da ta zo da tsarin ajiya mai suna NTFS a 1993, ba ta tsaya a kashi uku ba. Kowane fayil yana ɗauke da jeri: wane ya karanta, wance ta gyara, wane an hana shi, komai yawansu.

Muddin kowace kwamfuta tana zaune a gidanta, babu rigima. Rigima tana farawa ne ran da aka ce a yi tarayya. A ce makaranta ta ajiye kwamfuta ɗaya a kusurwa don tara fayilolin kowa, wadda masana ke ce wa saba, mu kuwa bari mu kira ta rumbu. Sauran kwamfutoci suna ɗebowa daga cikinta ta waya. Tsohuwar hanyar yin haka tsakanin dangin Unix ita ce NFS, wadda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1984, kuma a tsohon tsarinta lamba kawai take aikawa. Mu ƙaddara a rumbu Garba ne aka fara buɗe wa asusu, ya sami 1000, Indo ta sami 1001. A kwamfutar da ke bakin taga kuwa Indo aka fara buɗe wa, ita ce 1000, Garba 1001. Indo ta zauna bakin taga, na'urar ta ce wa rumbu, "Ga 1000 ya zo." Rumbu ya duba littafinsa ya ga 1000 Garba ne, sai ya buɗe mata gayaunar Garba, ta karanta, ta gyara, ta share in ta so, tata kuwa a rufe. Babu wanda ya yi sata, babu na'urar da ta lalace, kowace ta bi littafinta daidai. In foldar malami ce mai ɗauke da tambayoyin jarrabawa ta faɗa wa lambar ɗalibi, kowa ya san abin da zai biyo baya.

Wannan shi ne mutum biyu lamba ɗaya. Akwai kuma mutum ɗaya lamba biyu, kamar malamin da yake 1000 a rumbu amma 501 a kwamfutarsa ta Apple, ya zo ɗaukar kayansa a ce ba a san shi ba. Akwai kuma marayan fayil: an share asusun mai shi, fayil ya rage da lamba tsirara, in ka duba wurin suna sai ka ga 1007 kawai. Wannan ya fi haɗari fiye da yadda ake zato, domin Linux, saɓanin Windows, tana iya ba sabon shiga lambar da ta zama ba kowa. Ɗan aji ɗaya da aka buɗe wa asusu bana sai ya wayi gari ya gaji wasiƙu da hotunan wani da ya gama makaranta bara, ba dangin iya ba na baba. In kuwa Windows ce ta gamu da Linux, abin ya wuce nan, domin ɗaya tana faɗin doguwar lamba mai layi-layi, ɗaya tana jiran 'yar gajeriya, ba mai jin yaren wani.

Sai in ɗan ratse kan filashi, tun da shi ne a aljihun kowa. Yawancinsu da tsarin FAT32 ko exFAT suke zuwa, waɗannan kuwa ba su da gurbin rubuta mai shi sam. Buhu ne ba alama. Shi ya sa filashi ke buɗuwa a kowace kwamfuta ba gardama, shi ya sa kuma wanda ya tsince shi ya tsinci duk abin da ke ciki. Fayil ɗin da ka kulle a kan 600 a foldarka, da zarar ka kwafe shi zuwa filashi ya bar kullen a baya.

Yaya ake raba wannan gardama? Kakanninmu sun riga masana kwamfuta gamuwa da ita. A wannan yanki namu da ke arewacin Kano gona tana manne da gona, babu daji tsakani, iyaka sai layin gamba ko shingen bini-da-zugu, kuma kowane rabon gado yana ƙara yanka ta ƙanana. A zamanin Turawa an yi harajin taki a ƙasashen da ke kewaye da birni, inda malaman taki ke auna gona da ƙafa, su rubuta girmanta da mai ita, a yanka haraji gwargwado. Haraji dai Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi tare da jangali a 1979, amma tambayar wane ne mai gona ba ta soku ba. Mutum yana iya mallakar gona a ƙasar dagaci biyu, a nan a san shi da Garba, a can da Abubakar. Ran da ya rasu aka zo rabo, sai an sami dattijon da zai tsaya ya ce, "Garban nan da Abubakar ɗin can mutum ɗaya ne, wancan Garban na bayan masallaci kuwa wani ne dabam." Aikin wannan dattijo shi ne ainihin abin da ake nufi da daidaita asusu tsakanin manhajoji.

Hanya mafi sauƙi ita ce a hana rikicin tun bai taso ba. Kafin a buɗe wa kowa asusu, malamin kwamfuta ya zauna da littafi ya raba lambobi: malamai daga 2000, 'yan aji kaza daga 3000, kowa da tasa, kuma a kowace na'ura wannan lambar za a ba shi. Linux tana barin mai buɗe asusu ya zaɓi lamba da kansa. Wannan ba ya cin ko kwabo, sai dai yana aiki ne tsakanin dangin Unix kawai, domin Windows ba ta barin kowa ya zaɓar mata lamba.

Don haka sai hanya ta biyu, watau tafinta. A 1992 wani ɗalibi a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya mai suna Andrew Tridgell ya fitar da manhajar da daga baya aka sa wa suna Samba, wadda ke sa Linux ta yi magana da yaren da Windows ke raba fayiloli da shi. Samba tana da wani ɗan fayil na daidaita sunaye, kuma kamar don mu aka yi shi. A hagu a rubuta sunan mutum na Linux, a sa alamar daidai, a dama a jera duk sunayen da yake zuwa da su daga Windows, kamar haka:

garba = Abubakar Habu

Daga nan ko da wanne ya ƙwanƙwasa, rumbu ya san Garba ne, kuma duk abin da ya ajiye lambar Garba za a buga masa. Haka kuma wanda ya sa Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, yana so su yi tarayya a faifai ɗaya mai tsarin NTFS, akwai manhaja mai suna NTFS-3G wadda ke karanta wani fayil da ake kira UserMapping. Kowane layi a cikinsa gurbi uku ne: lambar mutum ta Linux, da lambar ƙungiya, da doguwar lambar Windows. In babu wannan fayil, Linux takan ɗauki kayan faifan duka ta danƙa wa mutum ɗaya, ta yi watsi da jerin izinin da Windows ta rubuta.

In mutane sun yi yawa, rubuta su ɗaya-ɗaya ya zama wahala, sai a bar wa wani ɓangare na Samba mai suna winbind ya riƙa raba lambobi da kansa. Yana da hanyoyi, kuma bambancin biyu daga cikinsu darasi ne babba. A ta farko, duk wanda ya fara zuwa shi ke karɓar lamba ta gaba, a rubuta a wani kundi. Ranar da kundin ya lalace aka sake sabo, lambobi sai su sake rabuwa bisa sabon layi, kayan wane su koma hannun wane. A ta biyu kuwa lissafi ake yi: a ɗauki 'yar lambar ƙarshe ta Windows a tara da wani tushe da aka yanke. In tushen 10000 ne, mai ƙarshen lamba 1105 ya zama 11105, yau da gobe, a wannan na'ura da waccan. Ni dai a ganina ta biyu ta fi, domin kundi yana ɓata, wuta tana ɗaukewa ana tsakiyar rubutu, amma 10000 a tara da 1105 ba ya canzawa.

Tafinta dai komai ƙwarewarsa wani abu yakan zube. Jerin izinin Windows ya fi gurbi ukun Linux faɗi, kuma ko da yake an ƙara wa Linux nata irin jerin, ba kowane sharaɗi ne ke haurawa lafiya ba. Saboda haka mai hankali ba ya cika foldar tarayya da sharuɗɗa barkatai.

Akwai wata tambaya mai daɗi a nan. Lamba 0 shugaba ce a kowace kwamfutar Linux. To, in shugaban kwamfutar bakin taga ya je rumbu, a karɓe shi a matsayin shugaba? Da an yi haka, duk yaron da ya zo da kwamfutarsa daga gida ya jona waya, tun da shi ne shugaban tasa, ya zama shugaban rumbu. Don haka NFS takan sauke shi tun daga ƙofa, ta mai da shi wani asusu marar iko mai suna nobody, watau ba kowa ba, wanda galibi lambarsa 65534. Hakimin wata ƙasa in ya shiga ƙasar wani, baƙo ne. Masu son lissafi su lura: 2 in aka ninka ta sau 16 tana ba da 65536, ƙidaya daga 0 ta tsaya a 65535, an keɓe wannan ta ƙarshe, sai aka ba baƙo ta kusa da ita. Amma wannan bai toshe ɓaraka duka ba, domin yaron nan yana iya buɗe asusu a tasa na'urar ya ba kansa lambar malami, rumbu kuwa ya gaskata shi. Maganin wannan shi ne tsarin shaida mai suna Kerberos, wanda aka ƙago a jami'ar MIT ta Amurka, inda faɗin lamba ba ya isa sai an nuna hujja. Sabon NFS na huɗu kuma yana iya aika suna haɗe da sunan hukuma maimakon lamba, kowane ɓangare ya fassara da littafinsa.

Hanya ta uku ita ce a yi littafi ɗaya tak, kowace na'ura ta riƙa tambayarsa. Microsoft ta kawo nata mai suna Active Directory tare da Windows 2000, kuma Linux da macOS duk suna iya shiga ƙarƙashinsa. Manyan ma'aikatu da jami'o'i irin wannan suke bi. Ƙasarmu ma abin da take ƙoƙarin yi da mu ke nan. An kafa hukumar NIMC a 2007 don ba kowane ɗan ƙasa lamba ɗaya mai alƙaluma 11, watau NIN. Babban Bankin Nijeriya ya kawo BVN a 2014 don ya gane mai asusu a banki uku mutum ɗaya ne. Daga 2021 kuma JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da NIN. A nan nake roƙon iyayenmu su kula. Sunan da aka rubuta wa yaro a NIN shi zai bi shi zuwa JAMB. In a can Garba ne, a takardar WAEC ko NECO kuma Abubakar, babu dattijon da zai tsaya ya shaida wa na'ura mutum ɗaya ne. Sai zirga-zirgar gyara, da kuɗin mota, wani lokaci har guraben karatu su cika ana kan hanya. A zaɓi suna ɗaya, da rubutu ɗaya, da jeri ɗaya, tun daga firamare.

Amma ga makarantar ƙauye mai kwamfuta ashirin, littafi ɗaya na tsakiya yana da nasa nauyin. Yana son na'urar da ba ta mutuwa, da wutar da ba ta yankewa, da wanda ya iya kula da shi, ga shi kuwa malamin da ya kafa shi ana iya yi masa canjin wurin aiki a tsakiyar zango. Ni da za a tambaye ni, sai in ce a haɗa ta farko da ta biyu: a raba lambobi a rubuce, a sa Samba ta yi tafinta, sa'an nan a kwafe jerin a littafin takarda a ajiye a ofishin shugaban makaranta.

Abubuwa biyu ne ya kamata a guje wa, kuma su ne aka fi yi saboda suna da sauƙi. Na ɗaya, a buɗe asusu guda a ce kowa ya shiga da shi. Rikicin lamba ya ƙare kam, amma ran da aikin wata uku ya ɓace ba a san wanda ya share ba, kuma wanda ake zargi ba shi da abin wanke kansa. Na biyu, da zarar an ga "an hana ka shiga" sai a mai da folda 777, watau kowa ya karanta, kowa ya gyara, kowa ya share. Wannan kamar mai rikicin iyaka ne ya tumɓuke shingen gaba ɗaya, a bar wa awaki. Abin da ya dace shi ne a buɗe ƙungiya, a zuba 'yan aji a ciki, a ba ƙungiyar foldar, a sa ta kan 2770. Wannan 2 ta gaba aikinta shi ne duk sabon fayil da aka ajiye a ciki ya ɗauki lambar ƙungiyar foldar, ko wa ya ajiye shi. Watau duk damin da aka ɗaure a gandu, rumbun gida zai shiga. Sai kuma a tabbata sababbin fayiloli suna fitowa da 6 a gurbin ƙungiya, in ba haka ba 'yan aji za su karanta amma ba za su iya gyarawa ba.

Saura ƙarshen shekara, lokacin da 'yan aji shida suke tafiya. Kada a yi gaggawar share asusunsu. A kulle shi tukuna, ta yadda ba a shiga da shi amma sunan yana nan manne da lambarsa. A ba kowa wa'adi ya kwashe kayan gayaunarsa. Abin da ya bari a gandun aji kuwa, shugaba ya mai da shi sunan malamin ajin. Bayan haka a sa manhajar bincike mai suna find ta zagaya rumbu ta fito da duk fayil ɗin da ba shi da mai shi, a duba su ɗaya-ɗaya. Sa'an nan a ja layi a kan lambar a littafin ofis, a rubuta shekarar da mai ita ya fita, 'yan aji ɗaya masu shigowa kuma a fara musu ƙidaya daga sabon dubu.